Tuol Sleng Da Choeung Ek: Abin Da Matafiyi Ke Tararwa A Babban Birnin Kambodiya

Tarihinmu na yau zai kai mu nesa da gida, can kudu maso gabashin Asiya, ƙasar Kambodiya da ke tsakanin Tailan da Lawos da Biyetnam. Mafi yawan mutanen ƙasar 'yan ƙabilar Khmer ne, mabiya addinin Buddha, kuma babban birninsu shi ne Phnom Penh.

Birnin yana cikin zangon da matasa masu yawon duniya da jakar goyo suka fi ya da zango a wannan yanki, saboda rayuwa a can ba tsada. Mutum zai samu gado a masaukin haɗaka da 'yan daloli kaɗan, ya ci shinkafa ko taliya a bakin titi, ya hau tuk-tuk, wato ɗan uwan Keke Napep ɗinmu, ya zaga gari. Dalar Amurka da kuɗin ƙasar, riyel, tare suke yawo a kasuwa, dala ɗaya wajen riyel 4,000. Da yamma jama'a na fitowa shan iska a bakin ruwa, inda kogin Mekong ya haɗu da Tonle Sap, ga fadar sarki da rufinta mai ruwan zinare, ga babbar kasuwar Phsar Thmei da aka gina a 1937 zamanin Faransawa. Wanda bai san komai ba zai ɗauka garin bai taɓa ganin tashin hankali ba.

Amma da wuya baƙo ya kwana biyu direban tuk-tuk bai tambaye shi ko zai je wurare biyu ba: Tuol Sleng da Choeung Ek. Na farko a tsakiyar gari yake, na biyu kuma kimanin kilomita 15 kudu da birnin. Yawanci a rana ɗaya ake haɗa su. Kafin mu shiga, bari mu ga yadda aka yi aka kai ga haka.

Faransa ta shimfiɗa ikonta a Kambodiya a 1863, ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 9 ga Nuwamba 1953 ƙarƙashin Sarki Norodom Sihanouk. Sihanouk ya yi ta ƙoƙarin kada yaƙin Biyetnam ya tsallako masa, amma bai yiwu ba. Mayaƙan gurguzu na Biyetnam sun kafa sansanoni a cikin iyakarsa, Amurka kuma ta fara ruwan bama-bamai a kan waɗannan yankuna daga 1969, ba ta daina ba sai Agustan 1973. Ƙauyuka sun ƙone, manoma sun mutu da yawa, waɗanda suka tsira suka kwarara birni. A Maris 1970, Sihanouk na ƙasar waje, Janar Lon Nol ya kifar da shi. Haushi ya sa Sihanouk ya haɗa kai da 'yan gurguzun da ke daji, waɗanda shi da kansa ya laƙaba wa suna Khmer Rouge, ma'ana Jajayen Khmer a harshen Faransanci. Talakan ƙauye da ke ganin sarki kamar uba sai ya ɗauki bindiga don a dawo da sarki, bai san wa yake yi wa aiki ba.

Wanda yake yi wa aikin shi ne Saloth Sar, da duniya ta sani da Pol Pot. Ɗan manomi ne mai rufin asiri, danginsa ma suna da alaƙa da fada. Ya tafi Faris karatun haɗa rediyo a 1949, ya yi ta faɗuwa jarrabawa har aka yanke masa tallafi, ya dawo a 1953 da aƙidar gurguzu. Ya koyar a wata makaranta a Phnom Penh kafin ya shige daji a 1963. Abin lura shi ne manyan wannan ƙungiya, irin su Ieng Sary da Khieu Samphan da Son Sen, duk 'yan boko ne, malamai, wasu da manyan takardu daga Faransa. Su ne kuma daga baya suka mai da ilimi laifin da ake kashe mutum a kansa.

Ranar 17 ga Afrilu 1975 mayaƙansu suka shigo Phnom Penh, yara matasa cikin baƙaƙen kaya da takalman da aka yanka daga tayar mota. Mutane sun fito suna murna, a zatonsu yaƙi ya ƙare. Kafin rana ta faɗi aka ce kowa ya fice daga gari, wai Amurka za ta yi ruwan bama-bamai, bayan kwana uku a dawo. A lokacin mutanen birnin sun kai wajen miliyan biyu saboda 'yan gudun hijira. Har asibitoci aka kwashe, ana tura marasa lafiya a kan gadajensu cikin zafin Afrilu, watan da ya fi kowane zafi a ƙasar. Kwana ukun nan ya zama shekara uku da wata takwas da kwana ashirin.

Sabuwar gwamnatin ta soke kuɗi, ta rufe kasuwanni da makarantu da kotuna, ta hana addini kowane iri. An raba miji da mata, an raba 'ya'ya da iyaye, abinci sai a ɗakin cin abinci na gama-gari. Hukuma ba ta da fuska, sunanta kawai ake ji, Angkar, wato Ƙungiya, ana ce wa mutane tana da idanu da yawa kamar abarba. An kasa jama'a gida biyu: tsofaffin mutane, wato manoman da suka zauna ƙarƙashinsu tun lokacin yaƙi, da sababbin mutane, wato 'yan birni, waɗanda ake gaya musu ƙiri-ƙiri cewa barinsu da rai ba riba ba ne, rasa su kuma ba asara ba ce.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta, domin mutane da yawa suna ɗauka duk waɗanda suka mutu kashe su aka yi da hannu. Shugabannin sun yanka cewa kowace hekta sai ta ba da tan uku na shinkafa, kusan ninki uku na abin da aka saba samu, ba taki, ba injina, ba ƙwararru tunda an kashe su ko sun ɓoye iliminsu. Shugaban yanki da ya kasa cika wannan ƙa'ida ya san makomarsa, don haka sai ya aika da shinkafar sama ya bar mutanensa da ruwan kunu. Yunwa da zazzaɓi da aikin haƙa madatsun ruwa da hannu suka riƙa kwasar mutane. Su kuma na sama, da suka ga lissafi bai fita ba, ba su zargi lissafin ba, sai suka ce akwai maƙiya a ɓoye cikin jam'iyya suna yi musu zagon ƙasa. Neman waɗannan maƙiya ne aikin gidan da ake kira S-21.

Tuol Sleng makarantar sakandare ce kafin 1975, kuma har yau kamar makaranta take: dogayen gine-gine huɗu masu hawa uku, da fili a tsakiya, da bishiyoyi. Wajen 1976 aka mai da ita babban gidan tuhuma na sirri ƙarƙashin Kaing Guek Eav, wanda ake kira Duch, tsohon malamin lissafi. Halin malamin lissafi ya zo da shi wurin. Duk wanda aka kawo sai an ɗauki hotonsa, an rubuta tarihinsa, an buɗe masa fayil. Daga nan a azabtar da shi da duka, da wutar lantarki, da cire farce, da dulmiya kai a ruwa, har sai ya rubuta cewa shi ɗan leƙen asirin Amurka ne ko na Rasha ko na Biyetnam, ya kuma lissafa sunayen abokan cin amanarsa. Mutumin da bai taɓa jin sunan CIA ba sai ya amsa cewa yana yi mata aiki, ya ambaci maƙwabtansa da abokan aikinsa don a sassauta masa. A kamo waɗannan, su ma su ambaci wasu. Sau da yawa tare da mata da 'ya'ya ake kawo mutum, don kada a bar mai ɗaukar fansa.

Kotun da ta yi shari'ar Duch ta tabbatar da mutum fiye da 12,000 daga takardun da aka samu, masana kuma suna kai adadin 14,000 zuwa 20,000. Waɗanda aka san sun fito da rai lokacin da gidan ya faɗi 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Vann Nath da Bou Meng sun tsira ne saboda sun iya zane, aka sa su zana hotunan Pol Pot. Chum Mey ya tsira saboda ya iya gyaran injina. Wani abu da ba a cika faɗa wa baƙi ba shi ne, kaso mai yawa na fursunonin 'yan Khmer Rouge ɗin ne da kansu. Hu Nim, ministan yaɗa labaransu, a nan ya ƙare a 1977. Vorn Vet, mataimakin firaminista kuma tsohon ubangidan Duch, ya biyo baya a 1978. Har masu gadin gidan da masu tuhumar an sha mai da su fursunoni. Saboda haka fuskar da kake kallo a bango tana iya zama ta wanda aka zalunta kawai, tana kuma iya zama ta wanda ya zalunci wasu kafin a juyo kansa.

Mai ziyara yakan fara da ginin farko, inda ajujuwa ke da gadon ƙarfe ɗaya a tsakiya da mari, a bango kuma hoton gawar da aka tarar a kan wannan gado. 'Yan jarida biyu na Biyetnam ne suka gano gidan a Janairun 1979, wari ne ya ja su. Gawarwaki 14 da aka samu an binne su a filin makarantar, fararen kaburburansu na nan. Akwai katakon da ɗalibai ke motsa jiki a kai, wanda aka mayar wurin rataye mutum ta hannu, da manyan randuna a ƙasa. Gini na biyu hotuna ne, dubbai, layi bayan layi: tsofaffi, samari, yara, mace rungume da jariri. A gini na uku an yanyanka ajujuwa da bulo da katako zuwa ƙananan ɗakuna da mutum ba zai iya miƙewa sosai a ciki ba, an kuma lulluɓe barandar da waya mai ƙaya don kada fursuna ya faɗo ya kashe kansa kafin a gama da shi. Zane-zanen Vann Nath na azabar da ya gani suna rataye a gidan. Ya rasu a 2011. Chum Mey da Bou Meng kuwa sun shafe shekaru suna zama a harabar, suna sayar da littattafan tarihinsu, suna gaisawa da baƙi a wurin da aka azabtar da su.

A ganina hotunan nan sun fi gadajen ƙarfe nauyi. Azzalumin ne ya ɗauke su don cika fayil, su ne kuma suka zama hujja a kansa, su ne iyalai suka riƙa zuwa dubawa ko za su ga fuskar nasu.

Daga nan sai Choeung Ek, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a tuk-tuk idan hanya ba cunkoso. Wurin gonar itatuwa ce da tsohuwar maƙabartar 'yan Sin. Da dare ake kawo fursunoni a manyan motoci, idanu a ɗaure, an ce musu sauya musu gida za a yi. Harsashi na da tsada, don haka da fartanya da gatari da sandar ƙarfe ake kisa a bakin rami, ana kunna waƙoƙin juyin juya hali a lasifikar da aka rataye a bishiya, ga ƙarar janareta, don kada na kusa su ji kuka. Ana zuba maganin ƙwari a kan gawarwakin don kashe wari. Akwai bishiyar da aka riƙa buga kawunan jarirai a jikinta. Yau baƙi sun cika ta da zaren hannu masu launi.

A 1980 aka tone ramuka 86 daga cikin 129, aka fito da ƙasusuwan mutum kusan 9,000. Rami ɗaya na ɗauke da 450, wani kuma 166 marasa kai. Sauran an bar su yadda suke. Har yanzu idan damina ta sauka ƙasa na tofo guntayen ƙashi da haƙora da tsummoki, ma'aikata na tsincewa suna adanawa. A 1988 aka gina doguwar hasumiya irin ta mabiya Buddha mai bangon gilashi, an jera ƙoƙunan kai fiye da 5,000 a ciki hawa-hawa. Wannan ya jawo muhawara a ƙasar, domin a al'adarsu ƙona gawa ake yi don mamaci ya huta. Sihanouk ya nemi a ƙona ƙasusuwan, gwamnati ta ce hujja ce, a bar su. Mu da muka saba gaggauta suturta mamaci za mu fahimci ɓangaren farko cikin sauƙi, amma ƙasar da aka daɗe ana musun abin da ya same ta tana da dalilin riƙe shaidarta. An kuma yi surutu a 2005 da hukumar birnin ta ba wani kamfani mai alaƙa da Japan kwangilar tafiyar da wurin na shekara 30, mutane na cewa an mai da matattu haja.

Kada a ɗauka Choeung Ek ne kaɗai. Cibiyar adana bayanai ta Kambodiya, wadda aka kafa a 1995, ta gano ramukan gawa kusan 20,000 da gidajen yari kusan 200 a faɗin ƙasar. Jimillar waɗanda suka mutu ana ƙiyasta ta tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan takwas ba.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da yawancin masu jakar goyo ke wucewa ba su ji ba, mu kuwa bai kamata ya wuce mu ba. Kambodiya na da Musulmi, 'yan ƙabilar Cham, jikokin tsohuwar daular Champa da ke gaɓar tekun Biyetnam ta yau. Masunta ne da 'yan kasuwa da mahauta, zaune a bakin Mekong da Tonle Sap tun ƙarnoni. Khmer Rouge sun hana su salla da azumi, sun hana harshensu da tufafinsu, sun tilasta wa mata yanke gashi, sun tattara Alƙur'anai sun ƙona, sun rushe masallatai, wasu suka mai da su turken aladu. Ana ajiye wa mutum naman alade a gabansa, in ya ƙi ci ya zama maƙiyin Angkar. A watan azumin 1975 ƙauyuka biyu na gundumar Kroch Chhmar, Koh Phal da Svay Khleang, suka yi tawaye da adduna da wuƙaƙe. An murƙushe su da manyan bindigogi, sannan aka tarwatsa al'ummar Cham zuwa ƙauyukan Khmer ƙungiya-ƙungiya. A 1977 da 1978 abin ya koma kisan kai tsaye a yankin Kampong Cham, ana tambayar mutum ƙabilarsa, in ya ce Cham a tafi da shi. Masanin tarihi Ben Kiernan ya ƙiyasta cewa kimanin 90,000 daga cikin 250,000 suka mutu, fiye da kashi ɗaya cikin uku; Ysa Osman, wanda shi kansa ɗan Cham ne da ya tsira, ya kawo adadi da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Malamai aka fi bi: cikin shugabannin al'umma 113 da ake kira hakem, 20 ne suka rayu. 'Yan asalin Biyetnam da na Sin da malaman Buddha su ma sun ɗanɗana irin wannan.

Ƙarshen mulkin ya zo ne daga waje. Khmer Rouge sun yi ta kai hari cikin Biyetnam, har suka kashe fararen hula fiye da 3,000 a garin Ba Chuc a Afrilun 1978. Ranar 25 ga Disamba 1978 Biyetnam ta shigo da ƙarfinta, ranar 7 ga Janairu 1979 ta kama Phnom Penh. Abin da ya biyo baya abin kunya ne ga duniya. Saboda Biyetnam ƙawar Tarayyar Sobiyet ce, Sin da Amurka da ƙawayensu suka tsaya a kan cewa Khmer Rouge, daga baya tare da abokan haɗakarsu, su ci gaba da riƙe kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya tsawon shekarun 1980. Ana tono ramukan Choeung Ek, wakilin waɗanda suka haƙa su na zaune a New York da sunan ƙasar. Sai a 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Faris, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo, ciki har da bataliyar sojan Ghana, aka yi zaɓe a 1993.

Pol Pot bai taɓa tsayawa gaban kotun gaskiya ba. Ya mutu a daji kusa da iyakar Tailan ranar 15 ga Afrilu 1998, aka ƙona gawarsa a kan tarin tayoyi da tarkace. Duch kuwa wani mai ɗaukar hoto, Nic Dunlop, ya gano shi a 1999 yana aikin agaji da wani suna, ya karɓi Kiristanci. Kotun haɗin gwiwa ta Kambodiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki a 2006. Ta yanke wa Duch shekara 35 a 2010, aka mayar da shi ɗaurin rai da rai a 2012, ya mutu a 2020. Ieng Sary ya mutu a 2013 ana cikin shari'a. A Nuwamban 2018 aka samu Nuon Chea, na biyu ga Pol Pot, da laifin kisan ƙare dangi a kan Cham da 'yan Biyetnam, Khieu Samphan kuma a kan 'yan Biyetnam. An kashe fiye da dala miliyan 300, mutum uku kacal aka hukunta. Hun Sen, wanda ya riƙe firaminista daga 1985 zuwa 2023, tsohon kwamandan Khmer Rouge ne da ya gudu Biyetnam a 1977, kuma bai ɓoye ba cewa ba ya son a faɗaɗa tuhumar. Dubban ƙananan masu kisa sun tsufa a ƙauyuka ɗaya da iyalan waɗanda suka kashe.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa: a rufe kafaɗu da gwiwoyi, a cire takalmi kafin shiga hasumiyar, a karɓi na'urar sauraren bayani da ake bayarwa a ƙofa domin a ciki ake jin muryoyin waɗanda suka tsira. Ranar 20 ga Mayu kowace shekara ake taron tunawa a Choeung Ek. A Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sanya Tuol Sleng da Choeung Ek da wani tsohon gidan yari mai suna M-13 cikin wuraren tarihi na duniya. Wurin salla ba zai yi wuya ba: babban masallacin Al-Serkal na nan a unguwar Boeung Kak, inda a da masaukan masu jakar goyo suke jere a bakin tafki kafin a cike tafkin da yashi daga 2008 a tashi dubban iyalai. Kusa da shi akwai wuraren cin abincin halal, kuma idan aka bi hanyar arewa ta bakin Tonle Sap 'yan kilomitoci kaɗan za a iske unguwannin Cham na Chrang Chamres da masallatansu.